Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Koyon Rubuta Manhaja, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi. Ga bayanin abin da aka gudanar a shekarar da ta ƙare, daga kwamitin gudanarwa. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, zai gabatar da shi daban.

Za ku tuna doguwar muhawarar taron farkon shekara kan harshen rubuta manhaja da za a koyar. Wasu suka dage sai Python, wasu suka ce JavaScript ne ake samun aiki da shi. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa duk sabon shiga da tushe zai fara: ajiye bayani a ma'ajiya mai suna, gindaya sharaɗi, maimaita umarni, da gutsura babban aiki zuwa ƙanana. Harshen C ya fito a 1972, Python a 1991, JavaScript a 1995, kuma abubuwan nan huɗu suna cikin kowannensu. A ganin kwamiti wannan shawara ta biya, domin waɗanda suka bi ta wannan hanya sun koma harshe na biyu ba tare da an sake musu darasi daga farko ba.

Azuzuwan Tudun Wada da Kawo sun gudana duk Asabar, ban da hutun azumi da na Sallah. Rashin wuta ya sa makonnin farko da biro da takarda aka yi su, kuma mun yanke shawarar ci gaba da hakan ko da wuta. Ɗalibi zai zana layuka, ya bi shirin umarni bayan umarni, yana rubuta abin da ke cikin kowace ma'ajiya. A haka aka koyar da neman rabi-rabi: a buɗe tsakiyar jerin da aka tsara, a jefar da rabin da abin nema ba ya ciki, a sake. Suna guda cikin 1,000 ba ya wuce dubawa 10, cikin 1,000,000 kuwa 20. Da yawa ba su yarda ba sai da suka yi ta raba lambar biyu da hannunsu.

Darasin da ya fi ɗaukar hankali daga rajistarmu ya fito. Wata 'yar'uwa a ajin Kawo ta rubuta shirin da zai jera sunayen mambobi, sai ga Ɗahiru da Ƙasimu sun faɗo ƙasan Zainab. Ta sake shi da JavaScript, aka sami abu ɗaya. Malamin ajin ya ce, “Malama, shirinki lafiya lau yake, lambobin haruffa za mu duba.” Kwamfuta lamba take kwatantawa. A tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, lambar Z 90 ce, ta Ɗ 394, ta Ƙ 408, saboda haka dole su zo a baya. Tsohon tsarin ASCII mai alamomi 128 ma ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa sam, kuma a UTF-8, hanyar ajiye haruffan Unicode a kwamfuta, kowannensu bayit (ma'aunin wurin ajiya) 2 yake ci, inda k da d ke cin 1. Ajin ya rubuta nasa jerin haruffan Hausa, ya umarci shirin ya bi shi. Da shi muke fitar da rajista yanzu. Wannan aiki ne da ba wanda zai yi wa Hausa in ba mu ba, kuma muna so a faɗaɗa shi.

Mambobinmu masu shaguna a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi sun nemi zama kan lissafin kuɗi, an kuma yi. Sun gani da idonsu 0.1 da 0.2 da aka tara sun ba da 0.30000000000000004 a Python da JavaScript duka, saboda yadda ake ajiye ɓangaren lamba da sifili da ɗaya. Ƙa'idar da aka ba su ita ce a riƙa ajiye kuɗi da kwabo, cikakkiyar lamba, sai wurin nunawa a mayar naira.

Abin da ke damunmu shi ne masu kawo shirin da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta musu, a tambaye su aikin layi guda su yi shiru. Ba mu hana amfani da ita ba, amma daga yanzu ba za a karɓi aikin da mai shi ya kasa bayyanawa layi-layi ba.

Ajin Rigasa bai samu buɗewa ba saboda rashin ɗaki. Duk wanda ya san makarantar da za ta ba mu aron aji ranar Asabar ya sanar da sakatare. A shekara mai zuwa za a ƙara darasin tsare-tsaren ajiye bayanai da na Git, manhajar bin diddigin sauye-sauyen da aka yi wa shiri, kuma ajin mata zai koma safe kamar yadda suka nema. Mai tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ba ya amfani da ita, ya taimaka ya kawo, akwai masu gyara a cikinmu.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, kyauta suke koyarwa. Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa