Wasiƙa Daga Daura Kan Muradun 2030

Daura,
Jihar Katsina.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya tare da iyali, kuna kuma jure wa sanyin ƙasar Turawa. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso ni, inda ka ce ka ji ana tattaunawa a rediyo kan Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, kake kuma tambaya ko Nijeriya za ta cim ma su kafin 2030. Tun da ka ce amsar wanda ya tsufa a aikin lafiya na karkara kake so, to ga abin da idona ya gani.

Ka dai tuna kurkunu. Da damina ta kankama, lokacin da ake neman kowane hannu a gona, sai ka tarar da magidanci zaune a zaure ƙafa a kumbure, yana naɗe farar tsutsar nan a jikin tsinke kaɗan kaɗan, don in ta tsinke a ciki wahalar ta ninku, kuma yakan yi makonni a haka geronsa yana cikin ciyawa. A ƙidayar ƙarshen shekarun 1980 an samu mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da ita a ƙasar nan. Maganinta bai wuce a tace ruwan tafki da ƙyalle, a kuma hana mai ciwon tsoma ƙafarsa a inda ake ɗiba ba, amma sai da aka yi shekara ashirin ana bin ƙauyuka ana maimaita wannan magana, har Janar Yakubu Gowon da kansa ya riƙa shiga karkara tare da mutanen cibiyar Jimmy Carter. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da rabuwarmu da ita a 2013. Jikokina ko sunanta ba su sani ba.

Haka aka yi da shan-inna, duk da turjiyar da aka samu a wasu jihohin Arewa a 2003. Mata masu ɗigon rigakafi sun bi gida gida da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, suna shafa wa yaro tawada a ƙaramin yatsa, suna rubutu da alli a ƙofar gida, hakimai da dagatai da masu unguwanni suna gaba suna lallashin masu gardama. A watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren. A 2005, zamanin Obasanjo, ƙungiyar ƙasashe masu bin bashi ta Paris ta yafe wa Nijeriya dala biliyan 18, aka ce kuɗin da za a riƙa biyan bashin da su za a karkatar da su ga Muradun Ƙarni guda 8 na wancan lokaci, ofishin kula da muradun kuma yana hannun Hajiya Amina Mohammed, wadda daga baya ta zama mataimakiyar Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya. An yi ayyuka, ban musa ba. A ƙauyen kakannina an haƙa rijiyar burtsatse mai tanki, aka gina ɗakin shan magani, ranar buɗewa har da makaɗa. Bayan shekara uku injin ya tsaya, babu wanda aka ɗora wa alhakin gyara, babu kuma kuɗin da aka ware masa. Da na je ta'aziyya a watan jiya na ga allon aikin yana nan tsaye, rana ta cinye rubutun, awaki suna kwance a inuwar tankin, 'yan mata kuwa sun wuce ni da jarkoki a ka a daidai lokacin da ya kamata a ce suna aji. Ɗakin shan maganin a buɗe yake, amma mace mai naƙuda da dare sai dai a ɗora ta a babur zuwa gari.

Wannan ne ya sa ban yi mamaki ba da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, har da ruwa da ilimi da lafiya. Ga kuma matsalar tsaro da ba a yi lissafi da ita ba, domin tun da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, iyaye da yawa suka janye jiki daga makarantun kwana, manoman yammacin jihar nan kuma suka bar gonakinsu na nesa. Muradi na biyu cikin guda 17 ɗin yana maganar kawar da yunwa ne, alhali mai noman ba ya iya zuwa gona.

Saboda haka a ganina ba za mu cim ma mafi yawansu nan da 2030 ba, ko da yake wanda ya ga ƙarshen kurkunu ba zai ce ba a iya komai ba. Mu dai 'yan asalin ƙauyen mun fara karo-karo don a sa wa rijiyar nan sola, mun kuma yanke cewa kowace jarka za a biya wani abu kaɗan, a ajiye a hannun mutum biyu saboda gyara. Idan Allah ya kawo ka gida da Babbar Sallah zan kai ka ka gani, kuma kada ka zo hannu rabbana, don na riga na sa sunanka a takardar.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.

Ka huta lafiya,
Naka amini.