A Kai Wa Manoma Iri Mai Jure Fari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Kullum labarin fari da ambaliya muke ji, har wasu manoma sun fara fid da rai. Alhali a nan Samaru, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana fitar da irin masarar SAMMAZ, cikinsu akwai masu saurin nuna da jure ƙarancin ruwa. Ko damina ta ɗauke da wuri, manomi ba zai tashi a tutar babu ba. Ga kuma waken SAMPEA 20-T na 2019, mai jure tsutsar kwanso, wanda ya rage yawan feshi.

Roƙona ga ƙananan hukumominmu: su kai wannan iri Giwa da Soba kafin shuka, a farashin da talaka zai iya saya.

Naka,
Wani manomi, Samaru, Zariya