Takardar Koke Kan Tsara Filayen Sabuwar Unguwa Kafin Gini Ya Cinye Hanyoyi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mazauna da masu filaye ne a sabuwar unguwar da ke bayan gari. A cikinmu akwai safiyo, da injiniyoyin hanya da na ruwa, da magina, da malaman makaranta. Roƙonmu shi ne a dakatar da yanka fuloti a gonakin da suka rage, har sai an auna ƙasar, an fitar da hanyar ruwa da titunan mota da filayen al'umma, an kafa musu turaku. Yau aikin na igiyar awo ne da turakun siminti. In aka bari gidaje suka tashi, sai an yi rusau an biya diyya kafin a samu hanya.

Yadda ake yanka filin a yanzu sananne ne. Mai gona zai kira dillali, a ja igiya, a kafa itatuwa, a fitar da fuloti iya yawan da gonar za ta ɗauka, a bar wani siririn layi na mita 5 ko 6. Maƙwabcinsa zai yanka tasa gonar ba tare da ya dubi inda layin farko ya fito ba, sai layi ya zo ya ci karo da katanga. Sannan kowane mai gini ya ƙara dakali a ƙofar gida, ya haƙa ramin shadda a waje, a dasa falwaya a inda ta samu. Abin da ya rage ba ya wuce mita 3. Motar kashe gobara faɗinta kusan mita 2 da rabi ne, tana bukatar aƙalla mita 4 babu cikas, da wurin juyawa. Haka motar asibiti, haka motar kwasar shara.

Mun sa batun ruwa a gaba domin shi ne ba ya jin lallashi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ce cur. Fuloti mai mita 15 da 30 murabba'in mita 450 ne, don haka ruwan milimita 50 zai zuba masa lita 22,500. Lokacin da wurin yake gona, ƙasa ce ke shanye mafi yawansa, abin da ke gangarewa ba ya wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 10. Da zarar an yi rufin kwano an dafe tsakar gida da siminti, kashi 8 zuwa 9 ne ke fitowa waje, wato kusan lita 20,000 daga gida ɗaya. Gidaje 100 za su sako lita miliyan 2 a ruwa guda, duk kuma gidajen da ke gangare zai nufa. Shi ya sa wurin da bai taɓa ambaliya ba sai ya fara bayan an cika shi da gini, mutane su ɗauka damina ce ta sauya hali.

Don haka muna roƙon a fara da awon tudu da kwari, a fitar da taswirar da ke nuna inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. A haramta sayar da hanyar rafi da fadama, a bar tazarar mita 15 zuwa 30 daga inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi cika, ba daga bakin da ake gani da rani ba. Kududdufai kada a cike su da shara a sayar. Su ne ke riƙe ruwa na ɗan lokaci su sake shi a hankali, abin da suke bukata shinge ne saboda yara. Ginin magudana kuwa daga mafita ake fara shi a hauro sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne kowa ya gina ta ƙofar gidansa da zurfin da ya ga dama, wata ta fi wata tudu, ruwa ya tsaya ya zama gidan sauro. In gudun ruwa a magudana bai kai mita 0.6 a daƙiƙa ba, yashi zai kwanta ya toshe ta. Kwalbati ma a daina sa ƙaramin bututu: faɗin bakinsa kada ya gaza santimita 60, an fi son 90 wanda za a iya shiga a yashe.

Sai tituna. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a, UN-Habitat, ta ba da shawara a 2014 cewa a ware aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasar unguwa domin tituna, da tsawon titi kilomita 18 a kowane murabba'in kilomita. Mun san wannan zai yi wa masu gonaki nauyi a kunne, amma birnin Basilona na ƙasar Sifaniya har yau yana cin moriyar titunan mita 20 da injiniya Ildefons Cerdà ya zana a 1859, lokacin da wurin gonaki ne. Abin da muke nema shi ne babban titi mai faɗin mita 30 a kowane kilomita guda, ta yadda ba wanda zai yi tafiyar da ta wuce mita 500 kafin ya samu abin hawa. Titunan da ke haɗa sassan unguwa su zama mita 15 zuwa 18, layukan gidaje kuma mita 12: mita 6 na mota, mita 1 na magudana a kowane gefe, mita 2 a kowane gefe na masu tafiya a ƙasa da falwaya da bututun ruwa da bishiya. Jerin gidaje kada ya wuce mita 200 ba a ratsa shi da layi ba. Ba mu ce a zuba kwalta yanzu ba, mun san aljihun hukuma. A dai kafa turaku, a kankare da gireda, a dasa bishiyoyi a kan iyaka, domin hanyar da ido ke gani ba a cika yi mata gini ba.

Akwai wata matsala da ba a ganinta sai ta shiga cikin yara. Ƙa'idar da masu aikin tsaftar ruwa ke bi ita ce ramin masai ya nisanci rijiya da mita 30, gindinsa kuma ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A ƙaramin fuloti wannan ba ya yiwuwa, domin ko ka nisanta naka ramin, na maƙwabci yana bayan katanga. Mafita ita ce a ware wuri a kan tudu domin rijiyar burtsatse da tankin al'umma, a hana haƙa rami kewaye da shi, a bar hanyar bututu a gefen kowane layi.

Filin makarantar firamare ya kasance inda yaro zai isa a tafiyar mita 400 zuwa 500 ba tare da ya tsallaka babban titi ba. A ware na asibiti, da kasuwa, da wuraren ibada, da maƙabarta, da filin wasa, da wurin taransifoma, da wurin tara shara. A yi musu takardar mallaka da sunan al'umma tun yanzu, domin filin da aka bari da baki kawai, bayan shekara biyar sai a wayi gari an zagaye shi da bulo. Shaguna da ƙananan sana'o'i a ba su gefen manyan tituna, unguwar da ba ta da wurin nema kullum mutanenta na kan hanya. Amma gidan mai da wurin ɗura gas da injin buga bulo a nisanta su da makaranta da asibiti, ƙarƙashin babbar wayar lantarki kuma kada a bar kowa ya yi gini.

Tambayar da za ta taso ita ce wa zai ba da ƙasar. Ba adalci ba ne titi ya cinye gonar mutum ɗaya maƙwabtansa su ci riba. Akwai hanyar da aka gwada: birnin Farankfot na Jamus ya samu dokarta a 1902, Japan ta gina sassa masu yawa na biranenta da ita, jihar Gujarat ta Indiya tana aiki da ita a ƙarƙashin dokarta ta 1976. Ana haɗa gonakin yanki a taswira guda, a cire kaso iri ɗaya daga kowa domin hanya da filayen al'umma, a mayar wa kowa ragowarsa a matsayin fuloti masu kusurwa daidai da ke kallon titi. Mai hekta guda, wato murabba'in mita 10,000, in aka cire kashi 35 cikin 100, zai koma da murabba'in mita 6,500 wanda kowane yankinsa mota na isa. Sharaɗinta shi ne a rubuta girman gonar kowa a gaban shaidu kafin a taɓa komai, kuma kason ya hau kan babba da ƙarami ba togiya.

Ranka ya daɗe, muna roƙon a ba da umarnin tsayar da sabon yanka na wata shida, Mai Girma Hakimi ya sanar da dagatai da masu unguwanni kada su sa hannu a cinikin filin da ba ya cikin taswira. A tura safiyon hukuma ya yi awo a cikin wata ukun farko. A kafe daftarin taswirar a bainar jama'a kwana 30, a karanta ta da harshen da mutane ke ji, a karɓi ƙorafi a rubuce, mata da matasa su ma a ji ta bakinsu. Gidajen da aka riga aka gina a saka su cikin taswirar a inda suke, sai wanda ya toshe hanyar ruwa ko babban titi, shi kuma a musanya masa fili. Bayan an amince, a ajiye kwafi a ofishin ƙaramar hukuma da fadar Hakimi inda mai saye zai duba kafin ya biya kuɗi, a riƙa sake nazarin tsarin duk shekara biyar. Masu ilimin awo da zane a cikinmu a shirye suke su yi aiki tare da ma'aikatanku ba tare da an biya su ba, a duk ranar da aka kira su.

Allah ya ƙara girma, ya yi jagora.

Mu ne naku,
Mazauna da masu filaye na sabuwar unguwa.