Masu tara kuɗi da sunan kare ciki, ina lissafi?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ba na goyon bayan zubar da ciki, kuma dokar Nijar ta hana shi sai in akwai larura irin ta ceton ran uwa. Damuwata ita ce masu mayar da wa'azin hana zubar da ciki hanyar cin abinci.

A Amurka an ga haka. Norma McCorvey, matar da shari'arta ta sa Kotun Ƙoli ta halatta zubar da ciki a 1973, daga baya ta koma wajen masu adawa da shi, suka riƙa yawo da ita coci-coci. Kafin rasuwarta a 2017 ta faɗa da bakinta cewa biyanta ake yi.

Mu ma nan Maraɗi sai mu yi hattara. Saƙon murya ya shigo WhatsApp, mai magana har da shessheƙa, wai a taimaka a ceci jarirai, ga lambar waya a tura jika biyu ko biyar. Wa ke riƙe da asusun? Jariri nawa aka saya wa madara? Ka tambaya, a ce ba ka da imani.

Abin da ya fi ci mini rai, yarinyar da ta ji wa'azin ta bar cikinta ita ake kora daga gida, a kira ɗanta shege, wanda ya yi mata cikin kuwa yana sahun gaba a masallaci. A nan ya kamata kuɗin su tafi: awon ciki, haihuwa, abinci.

Duk mai karɓar sadakar jama'a ya fito da takardar rajista da lissafi a rubuce.

Naka,
Wani mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi