Wasiƙa ga Auta kan kayan kiɗan coci

Manchesta, Ingila

Auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ya su Baba da Mama? Ya ƙafar Mama, da sauƙi? Nan sanyi ya kama, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara.

Na saurari saƙonka cewa mawaƙa sun tara kuɗi za a sayi sabuwar kwamfuta don saka kiɗan da aka naɗa, tunda mai piyano ya tafi bautar ƙasa. Don Allah ku dakata. Laftof ɗin da na bar maka ta isa, kunna kiɗa ba ya ba kwamfuta wahala. Matsalar tana kan hanyar da sauti ke bi daga ita zuwa miksa, wato na'urar da ke haɗa sauti kafin ya je lasifika.

Wannan ƙugin da ka ce lasifika na yi, ka gwada zare cajar laftof ɗin. In ya ɗauke, ka gano ɓarawon. Ƙaramin ramin iyafon ba a yi shi don doguwar waya ba, da ta wuce mita 5 ko 6 sai ta fara kwaso hayaniyar wuta, balle an tada janareto. Maganinsa DI box, ɗan akwatin da ake sawa tsakanin laftof da miksa, wanda ke da maɓallin yanke haɗin wayar ƙasa don kashe ƙugi, daga shi sai wayar XLR mai haƙora uku har miksa. Sannan ɗan akwatin sauti na USB, wanda zai fitar da sauti daga laftof a maimakon ramin iyafon. A cocin da nake taimakawa nan Focusrite Scarlett muke amfani da shi, amma Behringer UMC202HD ya fi araha, kuma a zaure irin namu da fankoki ke kaɗawa ba mai jin bambanci. Bluetooth kuwa ku manta da shi, yana jinkiri, yana kuma yankewa.

Zan sayo akwatin sautin a nan in ba mai zuwa Kirsimeti. Wayoyi da DI ka duba France Road a Kano, a gwada maka a shago kafin ka biya. Ragowar kuɗin a sa a sitabilaiza da ƙaramin UPS mai riƙe wuta in an ɗauke, don laftof na da batir amma miksa ba ta da shi. A ɗinka musu mayafi saboda ƙurar hunturu.

Kiɗan ku karɓe shi a filashi, in da hali a tsarin WAV, wanda ba a matse sautinsa ba. Wanda ya zagaya WhatsApp ingancin sautinsa ya riga ya ragu. Ranar Lahadi a kashe intanet, kada saƙo ya yi ƙara ana tsakiyar sujada.

Abin da ya fi damuna daban ne. Kiɗan na'ura ba ya jiran kowa. Ka san jama'armu, in waƙa ta yi daɗi Rabaran zai ɗaga hannu a maimaita amshi, tsofaffi kuma suna jan baiti yadda ransu ke so. Kwamfuta ba ruwanta, ta yi gaba. Saboda haka ku bar ta ga waƙar musamman ta mawaƙa, wadda aka yi ta gwaji. Waƙoƙin taro da na baiko a bar wa ganga, kada kuma kowa ya taɓa tulun kiɗan Zumuntar Mata. In mai ganga zai bi kiɗan, a raba sautin biyu: hagu ƙwanƙwasar da ke riƙe masa lokaci zuwa kunnensa kaɗai, dama kiɗa zuwa lasifika.

Ka ɗauko mini hoton bayan miksar in ga ramukanta kafin in biya kuɗi. Ka gaida Rabaran da iyalinsa, ka ce wa Mama ta haɗo mini yaji da daddawa.

Yayanka