A ƙirga jifan yaro kafin a yi masa alkawarin Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin iyaye ƴan'uwana kan wani abu da ya fara shigo mana nan Maraɗi, wato koya wa yara wasan besbol a keɓe, ana biyan mai horarwa kuɗi duk wata. Ga wanda bai san wasan ba, ɗaya ne ke jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, ɗaya kuma ya buge ta da gora ya zagaya fili a guje.

Wani matashi da ya koyo wasan a Burkina Faso, inda ƴan sa-kai daga Japan suka yaɗa shi, shi ne ya tara yara a wani fili bayan unguwarmu, kowane yaro jika biyu a wata, ni ma na sa ɗana mai shekara 11. Ban ga laifin karɓar kuɗin ba, domin malamin da ke ƙara wa yaranmu lissafi da yamma ma biyansa muke yi, kuma safar hannu ta fata da ƙwallayen nan ba a babbar kasuwa ake tsintarsu ba.

Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne wata asuba, lokacin da na ga yaron ya ɗauki buta da hannun hagu zai yi alwala, ya manne na dama a jikinsa. Da na matsa masa, sai ya ce gwiwar hannunsa ta yi kwana biyar tana ciwo, ya ɓoye ne don kada a ba wani gurbinsa. Na je filin na tambayi mai horarwar sau nawa yaron ke jifa a yini, ya yi dariya ya ce, "Baba, ai sai da wahala ake zama gwani." Ashe bai taɓa ƙirgawa ba.

Masu wasan na asali kuwa ƙirgawa suke yi. Ƙungiyar besbol ta yara mai suna Little League, wadda aka kafa a 1939 a jihar Fensilbeniya ta Amurka, ta ƙayyade cewa ɗan shekara 11 ko 12 ba zai wuce jifa 85 a yini ba, kuma idan ya kai 66 sai ya huta kwana huɗu kafin ya sake. Dalilin shi ne ƙashin yaro bai gama haɗewa ba a wajen gwiwar hannu da kafaɗa, yawan jifa da ƙarfi yana iya jawo masa lahanin da zai bi shi har girma. Wanda ake biya domin ya nuna sakamako da wuri, shi ya fi kowa saurin manta wannan, musamman idan iyaye na tsaye suna tafi.

Sai kuma batun alkawari, domin na ji ana gaya wa yaran cewa mai ƙwazo zai tafi Amurka. A Jamhuriyar Dominika, inda dukan ƙungiyoyi 30 na babbar gasar Amurka ke da makarantun horarwa, masu horarwa masu zaman kansu kan ɗauki yaro tun yana ƙarami, su yanki kaso mai tsoka idan ya sa hannu a kwangila yana ɗan shekara 16, amma da yawa kan rasa kwangilar bayan sun riga sun bar karatu. A Afirka kuwa, sai a 2017 aka samu haifaffen nahiyar na farko a wannan gasa, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu. Mu da muka san yawan samarin da ke shiga filin kokowa na Kantu da kaɗan ɗin da ke ɗaga takobin zakara, bai kamata a yi mana wannan romon baka ba.

Ina kira ga hukumar matasa da wasanni ta jiha ta san masu wannan sana'a, ta kuma nemi kowannensu ya riƙe littafin da yake rubuta jifan kowane yaro da kwanakin hutunsa. Ban cire ɗana ba, domin yana son wasan kuma likita ya ce hutun mako shida zai wadatar. Idan ya koma, zan zauna a gindin bedi da ke bakin filin da carbina a hannu, in ja ƙwaya ɗaya a kowane jifa, kuma na riga na gaya wa mai horarwar cewa a ta 60 zan miƙe in kira yarona.

Naka,
Wani uba daga unguwar Zariya, Maraɗi