Streets of Rage 4: bashin jini shi ne daɗin gem ɗin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili, na san shafinku ya fi sabawa da siyasa da tsadar kayan masarufi, amma yau maganar gem ce ta kawo ni, kuma ina da tabbacin akwai irina da yawa cikin masu karatu, waɗanda suka ƙarar da kuɗin tara a gidan gem lokacin Sega, yanzu sun zama iyaye suna hana yaransu taɓa waya.

Duk wanda ya buga Mega Drive, na'urar gem ɗin Sega, ya san Streets of Rage, musamman na biyun da ya fito a 1992, Axel da Blaze da Max da ɗan yaron nan Skate mai takalmin taya. Tafiya ake daga hagu zuwa dama ana jibgar 'yan daba, ka fasa kwandon shara ka samu tuffa ko gasasshiyar kaza jininka ya dawo. Daga na uku a 1994 shiru kake ji har 2020, shekara 26, sannan kamfanonin Lizardcube da Guard Crush Games da Dotemu suka fito da na huɗu da izinin Sega. Ni dai da farko ban yi wani ɗoki ba, na ɗauka tsohon tuwo za a ɗumama mana a ce sabo ne.

Ashe ba haka ba ne, kuma abu ɗaya ne ya sauya min ra'ayi. A na biyun in ka danna sifeshiyal, wato duka na musamman mai ƙarfi, jininka ne ke raguwa, ya tafi kenan, shi ya sa muke tsoronsa sai an ritsa mutum a tsakiya. A na huɗu jinin bashi ne ka ci, wajen da ya ragu zai koma kore, in ka ci gaba da duka ba tare da an taɓa ka ba sai ya riƙa dawowa kaɗan kaɗan, amma ko mari ɗaya aka sakar maka to koren nan duk ya tafi. Wallahi wannan ƙaramin abu ya mayar da faɗan kamar caca, kana ganin jininka saura ƙiris amma zuciya na ce maka ƙara ɗaya mana ai za ka biya, sai ɗan dabar nan Galsia mai wuƙa ya taho a guje daga gefe ya soke ka shi kenan an tashi wasa. Ranar nan ƙanena yana gefe yana ta min dariya wai na ci bashin da ya fi ƙarfina, ban ce masa komai ba don gaskiya ya faɗa.

Sannan yanzu in ka cilla mutum sama ba sai ka jira ya faɗo ba, kana iya tare shi da naushi, ya daki bangon allo ya dawo maka ka ƙara masa. A da abokan gaba sukan fice daga allo ka tsaya kana jiransu kamar mai jiran mota a tasha, yanzu an toshe wannan ƙofar. Ko ƙarfen famfo ka jefa ya daki mutum ya dawo, za ka iya cafe shi a iska in hannunka na da sauri. Kwambo, wato jerin duka ba yankewa, yana hawa maki na taruwa, makin kuma shi ke ƙaro maka rai, in aka katse ka kafin ka kammala ka yi asarar abin da ka tara.

Inda nake da ƙorafi shi ne gudu. A na uku kowa na gudu har da mirginawa, a nan an cire, cikin 'yan wasan Cherry 'yar Adam Hunter ce mai gudu sosai, shi Adam ɗin ɗan zabura yake yi kawai. Axel kuwa tafiya yake kamar wanda ya ci tuwon dare ya ƙoshi, Floyd mai hannun ƙarfe ma kar a yi magana, sai dai shi in ya damƙi mutum biyu ya gwara kansu sai ka yafe masa. Na gane da gangan suka yi don mutum ya koyi tsayuwa inda ya dace, amma in 'yan sandan nan masu garkuwa suka kewaye ka ga wani na jona maka lantarki, jinkirin yana ban haushi. Labarin ma ba wani abin a zo a gani ba ne, 'ya'yan Mr. X, ogan 'yan daban wasannin baya, tagwaye sun gaji ubansu a ta'addanci, shi kenan, siteji 12 ka gama a zama ɗaya in ba a ɗauke wuta ba.

Zanen da hannu aka yi shi kuma ya yi kyau, duk da wasu abokaina sun ce ya yi kama da katun na yara, su tsohon mai ɗigo-ɗigo suke so. To ai an saka tsofaffin 'yan wasan ma, kana tara maki suna buɗewa. Kiɗan Olivier Deriviere ne ya yi mafi yawa, Yuzo Koshiro mai kiɗan na asali shi ma ya sa hannu.

Shawarata ga masu son gwadawa a waya, tunda ya fito a Android da iPhone a 2022, ku nemi fad, wato abin bugawa mai maɓallai da ake riƙewa a hannu. Na gwada da taɓa gilashi, yatsa na zamewa, ka so naushi ka yi tsalle, bashin jinin nan ba ya biyuwa a haka sam. In da hali a haɗu a buga a talabijin, mutum huɗu yake ɗauka a ɗaki ɗaya, ta intanet kuma biyu. Kawai a yi yarjejeniya tun farko kan waye zai ɗauki kaza, don mu har yau ba mu gama wannan rigimar da ƙanena ba.

Naku,
Mai karanta ku kullum, daga Fagge, Kano.